Mai Tef da Turke na Huɗu

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya ba mu aron bawan nan shekaru masu yawa, Ya kuma karɓi abinSa a lokacin da Ya so.

Shugaban wannan cibiya, ranka ya daɗe. Mataimakin shugaba da shugabannin sassa, Allah Ya ƙara girma. Wakilan kamfanin da ya ba mu aikin sito, mun ga zuwanku, mun gode. Hajiya, mai ɗakin marigayi, sannu da haƙuri. Ƙannensa da suka taso daga nesa, sannunku da hanya. Babbar 'yarsa, wadda shi yake kira Uwata, ke da ƙannenki, Allah Ya dafa muku. Abokan aiki, ɗalibai, direbobi, masu gadi da masu shara, waɗanda na tabbata sun fi da yawa daga cikinmu saninsa, assalamu alaikum.

In na tsallake wani, ko na sa na gaba a baya, a yafe ni. Tun safe kaina ba daidai yake ba. Ga takardu uku a hannuna, jawabi uku daban-daban, kuma har na hau nan ban yanke wanda zan karanta ba. Na farko na rubuta shi ranar da kwamiti ya zaɓe ni, yana da daɗi ƙwarai, har sakatare ya ce zai sa mutane hawaye. Na biyu gyaran na farko ne. Na uku jiya da yamma na fara shi, ya tsaya a layi na huɗu ya ƙi gaba. Ina ganin zan ajiye su duka in yi magana da ka. Sakatare, an ce za ka buga jawabin nan a rarraba. To ka buga abin da ya fito daga bakina, ko da ya zo a hargitse, kada ka gyara mini ko kalma ɗaya.

Ban ma san dalilin da ya sa aka zaɓe ni ba. An ce ni na fi kowa daɗewa ina aiki da shi, shekara goma sha ɗaya a ɗaki ɗaya, teburina na kallon nasa. Wannan gaskiya ne. Amma in daɗewa tare da mutum ita ce saninsa, to ni ban gane abin da na yi da shekarun nan ba.

Sunansa yana cikin fayil a ofishin ma'aikata, amma a ginin nan babu mai kiransa da shi. Mai Tef muke ce masa, tun daga shugaba har mai buɗe ƙofa. Ɗalibai kuma Baba Mai Tef. Ya riga da yawanmu zuwa cibiyar nan, ya yi shekara ashirin da shida yana kula da ɗakin gwaji.

Hajiya, kin taɓa tare ni a ƙofar gidanku, ranar da na rage masa hanya, kika ce, "Dakta, wai me kuke aunawa ne a wurin nan da ba ya ƙarewa? Mutumin nan ko 'yarsa da take ɗinki ba ta kai shi yawo da tef ba." Na yi dariya na ja mota, ban ba ki amsa ba. Yau zan ba ki, domin in ba a gane aikin ba, ba za a gane abin da nake son faɗa ba.

Wasu 'yan na'urori muke haɗawa, kowace ba ta wuce akwatin ashana ba, da batir suke aiki, babu waya. A warwatsa su cikin babban gini, su riƙa jin zafi ko hayaƙi, su kai labari. Amma na'urar da za ta ce ga hayaƙi alhali ba ta san inda take ba, hankali kawai ta tayar. Saboda haka dole kowace ta gano wurinta da kanta. Sai mu kafa wasu guda huɗu a kusurwoyin ginin, mu gaya wa kwamfuta ainihin inda suke. Su muke kira turaku. Turakun suna kira ta iska, sauran suna saurare. Wanda aka ji da ƙarfi yana kusa, wanda aka ji sama-sama yana nesa, kamar dai yadda kike gane mai sallama a bakin ɗaki yake ko can waje. Daga nan sai lissafi ya ce, ina tsammanin na'ura kaza tana wuri kaza. Lissafin nan nawa ne, da shi nake taƙama. Amma tsammani ne. Wa zai ce ya faɗi daidai? Sai wani ya durƙusa da tef ya auna inda na'urar take a zahiri. Tazarar da ke tsakanin abin da lissafi ya ce da abin da tef ya ce, ita ce kuskurenmu, kuma da ita ake yi wa aikinmu hukunci. Mutumin da yake durƙusawar nan, Hajiya, mijinki ne.

Ya kasance ba ya yarda da awo ɗaya. Sau uku yake auna kowane wuri, ya rubuta ukun da fensir a littafinsa mai baƙin bango, sannan ya zana 'yar alama a ƙasa da alli. In ka matsa masa ka ce lokaci na tafiya, sai ya ce, "Ya tafi, Dakta, bango dai yana nan." Ranar da na fara aiki, sabon digirina yana mini ƙaiƙayi, na ce masa ba sai ya wahala ba, a ƙirga tayil ɗin ƙasa kawai, ai kowane santimita arba'in ne. Ya ce, "To, Dakta." Ya durƙusa ya auna tayil goma a jere, ya miƙo mini tef ɗin da yatsansa a kan lambar. Mita huɗu da santimita bakwai. Ya ce, "Simintin da ke tsakaninsu shi ma yana cin wuri." Ya kamata a ce tun ranar na haddace darasin. Ban haddace ba.

Ya kasance malamin da ba a taɓa rubuta sunansa a jadawalin darasi ba. Ɗaliban da ke zaune can baya, ku faɗa in na yi ƙarya, akwai wanda ya fita daga ɗakin gwajinmu bai ji "a sake aunawa" ba? Har kwaikwayonsa kuke yi a bayan idonsa, kuna tsammanin bai sani ba. Ya sani. Shi ya koya muku jan tef. "Ja shi sosai, in ya yi ciki ƙarya zai faɗa maka." Shi ya koya muku kada ku rubuta lamba da ka bayan kun dawo ofis, ku rubuta ta a wurin, gwiwarku tana ƙasa. Mu muka sa hannu a takardun digirinku, amma mun san a wurin wa kuka koyi aiki.

Ya kasance na jama'a, har a wajen ginin nan. Maƙwabtansa biyu sun yi shekara ba sa ga-maciji a kan katanga, kowa na cewa an ci masa wuri. Shi suka kira. Ya zo da tef ɗinsa ranar hutu, ya auna sau uku a gabansu, ya faɗi lamba. Wanda lambar ba ta yi wa daɗi ba ya ce, "Tunda kai ka auna, shi ke nan." Ga shi can a layi na uku yana gyaɗa kai, sannu da zuwa, Alhaji. Makarantar unguwarsu ma shi ya auna mata azuzuwa lokacin da za a yi sabbin benci, ko ruwan sha bai karɓa ba.

Ya kasance mai barkwanci a hankali, irin wanda sai ka kai ƙofa sannan ka gane da kai ake. Ranka ya daɗe, ka tuna da firijin da aka sayo wa ofishinka ya ƙi shiga ƙofa? Mutum shida suna juya shi suna gumi. Shi yana tsaye a gefe, hannu a aljihu. Da ka ce, "Mai Tef, ba za ka ce komai ba?" sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba a kira ni kafin a saya ba, an kira ni kallo ne."

Ya kasance... ku yi haƙuri. A takardar farko akwai irin wannan guda biyar da suka rage, duk gaskiya ne, amma ba zan iya ci gaba da jera su ba, alhali akwai wadda ke zaune a gabana tana jiran amsar tambayar da ta yi mini ranar Talata.

Bara kamfanin nan ya ba mu aron tsohon sitonsa mu yi gwaji. Sharaɗinsu ɗaya ne. In matsakaicin kuskurenmu bai kai mita ɗaya ba, za su sa na'urorinmu a manyan sito-sitonsu, inda mutane suke aiki a tsakanin kantocin kaya masu tsawo. Dalilinsu a fili yake. A cikin hayaƙi, mita biyu ita ce tsakanin layin kanta da ake nema da wanda ba shi ba. Muka kai na'ura arba'in da turaku huɗu. Mai Tef ya yi kwana tara yana rarrafe a ƙasan siton nan yana auna arba'in ɗin, ɗaya bayan ɗaya, daga bangon gaba da bangon gefe. Da ya zo kan turaku ya ce, "Dakta, su ma a auna su?" Na ce ba sai an auna ba, ai a kusurwa suke, kuma ga taswirar ginin da hatimin injiniya, tsawo mita talatin, faɗi ashirin. Ni da hannuna na kwafi lambobin daga taswira na shigar a kwamfuta.

Da sakamako ya fito, na'ura talatin da huɗu suka yi kyau, kuskurensu a matsakaici santimita saba'in da takwas. Guda shida kuwa, duk a kusurwa ɗaya, can baya wajen turke na huɗu, suka kauce da fiye da mita biyu kowace. In aka haɗa arba'in ɗin gaba ɗaya, lambar ta zama mita ɗaya da santimita biyu. Santimita biyu, jama'a. Faɗin ɗan yatsa. Shi ne ya tsaya tsakanina da aikin da na yi shekara huɗu ina yi.

A taron da muka yi a ɗakin nan na kusa, ranka ya daɗe kana wurin, ɗalibai suna wurin, na ce tabbas an samu matsala wajen awon waɗannan shidan. Mai Tef ya ɗaga hannu kamar ɗan aji. Ya ce, "Dakta, ina ganin ba su ba ne. Turke na huɗu ba ya inda ka rubuta shi. Bangon bayan nan kamar a karkace yake." Ni kuma na ce, kuma ina roƙon sakatare ya buga yadda na faɗa, na ce, "Malam, ga taswira da hatimin injiniya, ga ka da tef ɗin da ya kusa girme ni. Wanne kake so mu ɗauka? Ido ma ai yana gajiya." Wasu suka yi dariya. Ya naɗe tef ɗinsa a hankali ya sa a aljihu.

Tun ɗazu nake cewa mun yi, mun yi. A wannan wurin babu kowa sai ni. Ni na cire shidan. Ni na rubuta a shafi na goma sha tara na rahoton cewa an cire na'ura shida saboda kuskuren mai awo. Da na kai masa don ya sa hannu, sai ya karanta, ya ce, "Dakta, hannuna ba zai iya ba." Sai na koma ofis na goge wurin sa hannun nasa, na buga rahoton haka. Lambar da shugaba ya ambata ɗazu a jawabin buɗe taro, santimita saba'in da takwas, wadda ya ce abin alfaharin cibiyar nan ce, daga nan ta fito.

Bayan haka wata goma sha huɗu muka yi a ɗaki ɗaya. Kullum ya gaishe ni, ya tambayi iyali. Ya canza batir, ya share teburin gwaji, in ya haɗa shayi ya zuba mini. Abu ɗaya na lura ya daina, ban ƙara jin ya ce mini "a sake aunawa" ba. Ni a wautata na ɗauka ya gane kurensa ne. Da ciwo ya kwantar da shi na je asibiti sau biyu, muka yi hirar ƙwallo da tsadar batir. Sau ɗaya ya riƙe hannuna ya ɗan daɗe, kamar zai ce wani abu, sai ya ce in gaida yara. Har yau ban san ko abin da ya yi niyyar faɗa ke nan ba.

Ranar Talatar nan da ta wuce, babbar 'yarsa ta ƙwanƙwasa ofishina da leda a hannu. Ta fito da abu uku ta jera a teburina, tef ɗinsa, littafinsa mai baƙin bango, da kwafin rahotona. An ja layi da fensir a ƙarƙashin jimlar nan ta shafi na goma sha tara. Ta ce, "Kawu Dakta, a durowarsa na gani. Ni ba karatunku na yi ba, ɗinki nake yi. Amma na san in riga ta fito ba daidai ba, ko mai awo ne ko mai yanka. A nan an ce mai awo ne. Tambaya ɗaya ce ta kawo ni. Baba ya yi kuskure, ko bai yi ba?"

Na fara kame-kame, ina cewa ai harkar bincike ce, kowa yana iya kuskure, ba abin kunya ba ne. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Akwai ranar da ya zo shagona da rana tsaka, bai taɓa zuwa a irin lokacin ba. Ya ce, Uwata, ara mini tef ɗinki. Ya shimfiɗa nawa da nasa a kan teburin yanka, ya bi su santimita bayan santimita, ya cire tabarau ya goge ya sake bi. Ya ce, Uwata, duba mini, idona ne ko tef ɗin ne? Na ce Baba daidai suke. Ban taɓa ganin Baba yana shakkar hannunsa ba sai ranar. Ban san dalili ba sai da na ga takardar nan."

Na ce mata ta ba ni kwana biyu. Ranar Laraba na ɗauki tef ɗin na tafi siton ni kaɗai, don ba na son kowa ya gan ni. Jama'a, shekara goma sha ɗaya ina yi wa awo hukunci, ashe ban iya awo ba. Na maƙale bakin tef a ƙusa, in na ja ya fice. Na danne shi da bulo, ya yi ciki a tsakiya. Na auna bangon gefen nan sau uku na samu lamba uku, babu wadda ta gaisa da wata, kuma ko ƙarshen bangon ban kai ba, kantocin ƙarfe sun tare. Na zauna a kan wani kwali, rigata duk ƙura, ban san ko taswira ce ke ƙarya ba, ko tef, ko ni.

Ranar Alhamis na kira ta na ce na kasa. Ta ce, "Kawu, ai ba a jan dogon tef mutum ɗaya. Ina zuwa." Ta rufe shagonta ta zo. Mai gadin siton ya taimaka muka ja kanta biyu gefe. Ta durƙusa a bangon gaba ta danne bakin tef da babban yatsa, ta ce, "Ja, Kawu. Ƙara ja, ya yi ciki." Muryar ce kawai ba tasa ba. Na ja har ƙarƙashin turke na huɗu, wanda har yanzu yake manne a kusurwarsa. Mita talatin da biyu da santimita goma sha huɗu. Muka sake, muka kuma sakewa. Ɗaya gefen kuwa talatin cif, yadda taswira ta ce. Maginin ya bi iyakar fili ne da bangon baya, mai zane kuma ya zana abinsa a miƙe, kantoci suka rufe karkatar shekara da shekaru.

A jikin bangon, daidai ƙasan turken, na ga 'yan layuka uku na fensir da kwanan wata. Kwana uku ne bayan taron da na sa aka yi masa dariya. Na buɗe littafinsa ina neman ranar. Shafin a ninke yake, can wajen ƙarshe. Ya auna turakun nan huɗu, kowane sau uku. Na huɗun ya rubuta talatin da biyu da sha huɗu, talatin da biyu da sha uku, talatin da biyu da sha huɗu. A saman shafin kuma ya rubuta, "Na Dakta, in ya tambaya."

Wata goma sha huɗu shafin nan yana cikin durowar da ba ta fi taku uku daga kujerata ba. Ban tambaya ba.

A nan ne kaina ya kulle, kuma har yanzu bai buɗe ba. Me ya hana shi kawo mini? Yana da lamba a hannu, da ya so da ya ja mu gaba ɗaya zuwa siton ya kunyata ni a gaban waɗanda suka yi dariya. Ko ya je wurin shugaba. Ko ya ajiye shafin a teburina ba tare da ya ce uffan ba. Fushi ne? To mai fushi yana zuba maka shayi kullum? Girmamawa ce? Wace irin girmamawa ce za a bar mutum yana yawo da lambar ƙarya yana karɓar tafi? Ko rufin asiri ne, yana jiran in dawo hayyacina da kaina, in samu abin da zan riƙe na mutunci? Ko kuwa ya faɗa sau ɗaya ne a gaban jama'a aka mayar da shi abin dariya, ya ga ba zai sake kai maganarsa inda ba a neme ta ba? Na tambayi Hajiya jiya, ta ce bai taɓa ambata mata ba. Na tambayi mai gadin siton, ya ce ranar da ya zo awon shi ya riƙe masa bakin tef, da suka gama ya ce masa kawai, "Alhamdu lillahi, ba idona ba ne." Na juya abin nan ta kowane gefe ban samu inda zan tsaya ba. Wanda zai warware mini kuma ya tafi.

Abin da na sani kaɗan ne, shi zan faɗa. Ranka ya daɗe, ka gafarce ni da na yi maka haka a bainar jama'a, amma a bainar jama'a na yi masa. Santimita saba'in da takwas ba lambar cibiyar nan ba ce, na janye ta. Mita ɗaya da santimita biyu ma ba ita ba ce, tunda an gina ta a kan turken da ba ya wurinsa. Jiya na shigar da lambobin Mai Tef a kwamfuta, shidan nan suka dawo kusa da inda ya ce suke, wasu kuma da nake tsammanin lafiyarsu ƙalau suka ɗan gusa. Wata lamba ta fito. Ba zan faɗe ta ba, domin ni kaɗai na fitar da ita, sau ɗaya, kuma kun ji abin da ni kaɗai nake iya yi. In kun tambaye ni yau yaya daidaiton na'urorinmu yake, amsata ita ce ban sani ba. Wakilan kamfani, na san kun shirya fara sa su a wata mai kamawa. Ku dakata mana. Kada ku sa ran mutane a kan rahoton nan sai an sake gwajin tun daga turaku. Abin da kwamitin ladabtarwa zai yi da ni kuma, ina nan, ofishina bai canza ba.

Ɗalibai, ku da kuka yi dariya ranar, ba ku da laifi, malaminku kuka bi. Amma ku riƙe wannan. Mun auna duk abin da muke shakka, muka bar abu huɗu da muka ce mun riga mun sani, kuma a cikinsu ɓarnar take.

Hajiya, ki yafe mini. Na shiga gidanki na ci na sha, na zo gaisuwa na zauna a sahun gaba, alhali na sa mijinki ya je yana gwada tef ɗinsa da na 'yarsa. Ban san ko ya yafe mini ba, ba ni da hanyar sani. Ke dai da kike raye ina roƙonki. Ƙannensa, ku ma haka. Kuma ina roƙon a bar mini aron tef ɗin nan da littafin har mu gama sabon gwajin, sannan in dawo da su da hannuna.

Ke kuma, Uwata. Ki ba ni dama in kira ki da sunan da yake kiranki, sau ɗaya. Kin riga kin ga lambar da idonki ranar Alhamis, amma a rubuce aka ɓata shi, aka rarraba, don haka a gaban jama'a zan ba ki amsa, kuma a rubuce za a rarraba. Babanki bai yi kuskure ba. Ko a na'ura ɗaya daga cikin arba'in ɗin bai yi ba. Idonsa lafiya lau, tef ɗinsa lafiya lau. Mai yankan ne ya ɓata rigar, kuma ga shi tsaye a gabanki. Sakatare, shafi na goma sha tara za a sake buga shi, da sunansa cikakke a matsayin wanda ya gano kuskuren, a aika wa duk wanda aka aika wa na farko.

Ina godiya ga shugaba da ya bar ni na kai ƙarshe bai sa an kashe mini lasifika ba. Ina godiya ga kwamitin da ya shirya taron nan, ko da yake na san ba wannan jawabin suka nema ba. Ina godiya ga mai gadin sito da ya riƙe masa tef ranar da ni ya kamata in riƙe. Na gode wa duk wanda ya bar aikinsa ya zo.

Ya Allah, ga bawanKa, Ka fi mu saninsa. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka haskaka shi. Ka sanya durƙuson da ya yi shekara ashirin da shida yana neman gaskiyar abu ya zame masa hujja a gabanKa. Ka ba Hajiya haƙuri, Ka raya abin da ya bari, Ka tsare su daga irin abin da na yi masa. Mu da muka rage, Ka ba mu ikon tambaya tun wanda zai amsa yana kusa. Ya Allah, ni ba ni da hanyar isar masa da saƙo, Kai kana da ita. Ka sanar da shi Dakta ya tambaya, ko da ya makara.

Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.